Masarar Disamba

Ranar da Ummu Jasim ta ɗauke ni aiki, a watan Janairun 2022, ko fuskarta ban gani sosai ba. Ita da takunkumi, ni da takunkumi, ga dogon tebur a tsakaninmu, domin korona ta sake tasowa har an mayar da yara karatu ta kwamfuta. Dattijuwa ce 'yar Qatar, mijinta ya rasu ya bar mata gona a Shahaniya, tafiyar minti arba'in daga Doha. A gonar akwai awaki da tumaki, raƙuma uku, da wasu dawakai biyu da suka tsufa har ba sa kula kowa. Shekara shida tana buɗe sansanin yara a duk dogon hutun bazara, yaran birni su zo su ga dabba ido da ido. Korona ta rufe shi shekara biyu cur.

"Ɗana Jasim yana so ya sayar da dabbobin, ya ba wani kamfani filin," ta ce da Larabcinta da nake tsinta ɗaya bayan ɗaya. "Na roƙe shi ya ba ni shekara guda. Ranar sha takwas ga Disamba zan zo da shi. In mun tarar da wurin nan cike da yara, sansani ya zauna. In awaki kaɗai muka tarar, khalas, shi ke nan."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Digirina biyu a aikin gona, amma shekara huɗu ina zaune a gida a unguwar Ain Khaled ina jiran maigidana ya dawo daga kamfanin gas, ba abin da nake nomawa sai na'ana'a a gwangwanin madara. Ji na yi kamar an kwance mini dabaibayi.

Mutumin da na tarar a gonar shi ne Baba Abass, dattijo ɗan Zangon Kumasi ta ƙasar Ghana, shekararsa sha tara yana kula da dabbobin. Ba ya son yawan magana, ni kuma Allah ya hore mini ita, don haka muka zauna lafiya. Daga Janairu zuwa Mayu muka yi fenti, muka gyara shinge, muka karɓi haihuwar awaki goma sha huɗu. Ni kuma na zo da dabarar da nake alfahari da ita: kowane yaro zai sami kunyarsa ta masara, da sunansa a jikin allo, ya shuka da hannunsa ya ci da bakinsa. Na sa aka karɓo mini iri daga Funtuwa, wurin mahaifina Malam Sayibu, irin masararsa mai saurin nuna da yake ɓoyewa ko daga 'yan uwansa.

A gidanmu, in Yuni ya kama, ba sai an gaya wa mutum ba. Jikinsa ne yake sanin lokacin shuka ya yi. To ni ma jikina ya gaya mini, na kuwa ɗauko jakar iri.

Baba Abass ya tsaya a bakin rumfar awaki yana kallona. "Malama, yanzu za ki shuka?"

"Yaushe kake so in shuka, Baba? Da Sallar Layya ta wuce?"

"Ƙasan nan ba irin na gida ba ne. Ki bari tukuna."

"Akwai tiyo, akwai rijiya, akwai taki. Wannan fa karatu na yi a kansa, ba a bakin hanya na tsince shi ba."

Ya ce, "To." Ya ma karɓi jakar ya kai mini ita ɗakin ajiya. Har na ji daɗi, wai na yi nasara a kan tsoho.

Da aka buɗe sansani a ƙarshen Yuni, yara tara ne suka zo. Sauran duk an kwashe su zuwa ƙasashensu, domin an buɗe hanyar jirgi kuma kowa ya yi shekara biyu bai ga danginsa ba. Wannan ma da na tambayi Baba da ya gaya mini. Cikin taran akwai Ikhlas, 'yar Dakta Ruƙayya, yarinya 'yar shekara takwas da aka haifa a Doha. Uwarta tana aiki a sashen masu korona, don haka yarinyar ta yi kusan shekara biyu a kulle a wani bene a unguwar Thumama, tana kallon titi ta taga. Ba ta taɓa sanin masara a jikin kara take fitowa ba. Da na zuba mata iri a tafin hannu sai da ta ƙirga, ƙwaya ashirin da biyu.

"Anti, da gaske wannan zai girma?"

"Zai fi ki tsawo," na ce mata. "Ni na gaya miki."

Kwana biyar masara ta tsiro, kore shar. Na riƙa wucewa ta gaban Baba Abass ina 'yar waƙata. Sai iskar Yuli ta taso, mai zafi kamar an buɗe murhun gasa burodi. Ruwan da ke fitowa daga tiyo kuwa, ko shayi mutum ya haɗa da shi zai sha. Na kafa rumfar raga, na mayar da ban ruwa asuba, na yi duk abin da littafi ya ce. Cikin mako biyu ganyen ya nannaɗe ya koma kamar takarda. Yaran ma ba sa iya fita bayan ƙarfe bakwai na safe, sai mu wuni a zaure cikin sanyin na'ura muna zana awakin da ke can waje.

Wata safiya na tarar da Ikhlas tsugune a gaban allon sunanta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗago ta ce, "Anti, kin ce zai fi ni tsawo. Ko ni ce ban iya ba?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na ji tsoro. Yara suka ragu zuwa huɗu, muka rufe a farkon Agusta. Lokacin hutu ya wuce, iri ya ƙare, kuma ranar da Ummu Jasim ta sa tana nan tana matsowa.

Sai tsakiyar Satumba na iya zuwa wurin Baba Abass da maganar. Yana yanke wa wata tunkiya kofato. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Baba, na yi kuskure."

Ya saki tunkiyar, ya wanke hannu, ya buɗe firjin da muke ajiye maganin dabbobi. Daga can baya ya jawo wani gwangwanin madara ya miƙo mini. Na buɗe. Masarar mahaifina ce, fiye da rabin jakar.

Kun san abin da na fara yi? Faɗa. "Wato sata ka yi mini?"

"Ajiya na yi miki," ya ce. "Malama, a nan shekara a juye yake. Daminan Qatar shi ne Oktoba. Ba ki ga ƙwallon kofin duniya ba? Duniya gaba ɗaya sun ji tsoron ranan garin nan, sun ɗaga wasansu zuwa sanyi. Ke kaɗai ne ba ki ji tsoro ba."

Na yi dariya har da hawaye, kuma cikin dariyar ne abin ya faɗo mini. Saboda gasar kofin duniya za a rufe makarantu tun tsakiyar Nuwamba, wata guda cur. Likitoci da injiniyoyi da ma'aikatan filin jirgi kuwa babu mai samun hutu. Ina za su kai yaransu? A take na kira Ummu Jasim na ce bana sansanin bazara da sanyi za a yi shi. Ta ce, "Yalla, maza ki gwada."

Ranar Asabar ɗaya ga Oktoba muka sake shuka. Na kira iyaye sun fi arba'in, shida suka kawo yara, sauran suka ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa mai jinya. Dakta Ruƙayya ta kawo Ikhlas, amma yarinyar ta cusa hannuwa a aljihu ta ƙi karɓar iri.

"Ai mutuwa zai yi," ta ce.

A gidanmu babba ba ya ba yaro haƙuri, sai dai ya saya masa alewa. Ni dai na durƙusa a cikin ƙasar nan na ce, "Ikhlas, wancan karon laifina ne. Hannunki lafiyarsa ƙalau. Ni ce na shuka a lokacin da ba na shuka ba, Baba ya hana ni na ƙi ji."

Ta dubi Baba Abass. "Baba, yanzu lokaci ne?"

"Yanzu ne, jikata."

Sai ta fitar da hannu ɗaya. Ni da digirina biyu, sai da aka nemi shaidar mai awaki kafin a yarda da ni, kuma na cancanci hakan.

Masara ta tsiro, wannan karon ba ta tsaya ba. Duk Asabar Ikhlas sai ta tsaya kusa da karan farko Baba ya gwada su da sanda. Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Uwarta ta riƙa ɗora hotunan a zauren matan unguwa na waya, matan da suka yi mini Allah ya ba da sa'a suka fara kira suna tambaya ko akwai sauran gurbi. Na ce akwai, ban ma yi musu gori ba, wanda duk wanda ya san ni ya san na yi ƙoƙari.

Da aka rufe makarantu, gari ya cika da baƙi da tutoci, mu kuma muka cika da yara. Makon farko ashirin da uku, na biyu arba'in. 'Yan Najeriya, 'yan Ghana, 'yan Sudan, Indiyawa, Misirawa, har da jikokin maƙwabtan Ummu Jasim. Safe su tatsi awaki, hantsi su yi ciyawa a kunya, la'asar su buga ƙwallo a bayan garken raƙuma. Wata akuya da yara suka raɗa wa suna Shugaba ta fasa shinge ta cinye kunya biyu, sai yaran suka tsara gadi da kansu, da sanduna da komai. Ranar da Ghana ta ci Koriya uku da biyu, na ga Baba Abass, mutumin da shekara guda ban ji ya ɗaga murya ba, yana rawa a tsakiyar tumaki da waya a kunne.

Sha takwas ga Disamba ita ce ranar ƙasa ta Qatar, kuma da yammanta za a buga wasan ƙarshe. Tun safe muka hura gawayi a rabin ganga biyu. Wajen ƙarfe goma motar Ummu Jasim ta shigo, Jasim ne ke tuƙi. Dole ya tsaya tun daga bakin ƙofa, domin yara sittin da huɗu sun tare hanya, kowa da masara a hannu.

Ikhlas ta ja tsohuwar har gaban kunyarta, ta jingina bayanta da kara. Ya wuce kanta da fiye da kamu biyu. Ta karya goyon farko, Baba ya gasa, ta kai wa Ummu Jasim a cikin ɓawonsa. An daina sa takunkumi a lokacin, kuma ranar ce na fara ganin matar tana dariya. Ashe wushirya gare ta.

Ta ci rabi, ta miƙa wa ɗanta sauran. "Ka kira mutanen kamfanin nan," ta ce masa, "ka ce su nemi wani filin."

Jasim ya dubi yaran, ya dubi masarar da ke hannunsa, ya ce, "To, yumma," wato mama. Ya ci gaba da ci.

Daɗi ya cika ni. Ina tsaye a haka Ikhlas ta zo ta ja mini mayafi. Ta ce akwai kara uku a ƙarshen kunyarta da ba ta yarda kowa ya taɓa ba, Baba ya ce a bar su su bushe a tsaye. Ta riga ta wanke gwangwanin madarar, ta kife shi a rana.

"Na baɗi ne," ta ce. "Amma Anti, in sun bushe, Baba zan ba ajiya."

Na ce mata ta yi daidai.