Kwaɗon Dogo

Ɗan ƙaramin kwaɗo ne ja, irin wanda ake sa wa akwati, amma shi ya tsare wutar rabin gari tun hantsi. Yana rataye a hannun babban makunnin layin gabas, makullinsa kuwa yana aljihun Dogo, surukin Injiniya, wanda ya fita da ma'aikata gyaran wayar da iska ta tsinka a bayan gari.

Dokar ta Injiniya ce. Da ita ya shigo ƙasar nan yana saurayi, da jaka ɗaya da bakin baƙi wanda yara ke kwaikwaya a bayansa: wanda zai hau falwaya shi ke kashe layi, ya sa kwaɗonsa, kuma shi kaɗai ke cirewa. Ya taɓa korar ɗan abokinsa a kan wannan. Daga gyaran janareto a rumfar haya ya kai ga gina tashar wutar nan, ya ja wa makarantu wuta, ya gina asibitin haihuwa ya ba shi wuta kyauta. Duk da haka har ya yi furfura bai koyi ce wa mutanen gari a'a ba. Baƙo ne, kuma ko kowa ya manta, shi bai manta ba.

Likitar asibitin ce ta shigo ɗakin sarrafa wutar ba sallama, farar rigarta jiƙe da gumi.

"Injiniya, batiranmu sun kusa ƙarewa. Ina da jarirai bakwaini a kwalba, ina da mace a kan iskar numfashi. An ce mana wuta za ta dawo kafin azahar, ga shi har an sauko daga masallaci."

"Janaretonku fa?"

"Wane janareto? Tun da ka ja mana wuta ba wanda ya ƙara waiwayarsa. Ɓeraye sun cinye wayoyin."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Ya juya wajen 'yarsa, matar Dogo, wadda ke kula da ɗakin sarrafa wutar. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa ba ya kiran sunan.

"Mamana, sake gwada shi."

"Baba, na kira har na gaji. Wajen ba sabis, ka sani." Ta dubi Likita, ta dubi kwaɗon. "A tura babur mana."

"Kafin babur ya je ya dawo sai dai a tarar da ni da likkafani," in ji Likita.

A bakin ƙofar tashar mutane sun fara taruwa, dangin masu jinya da 'yan kallo waɗanda ba a rasa su ko'ina. Ba ihu suke yi ba, kuma wannan ya fi damunsa. Magana suke ƙasa-ƙasa, tana shigowa ta taga guntu-guntu. Wani ya ce da 'ya'yan Injiniya ne a kwalbar da tuni wuta ta dawo. Wani ya ce ai dama ba a san asalinsa ba. Kai, mutane! Wasu daga cikinsu da kuɗinsa suka yi makaranta. Injiniya ya ji tsohon tsoron nan na shekarun rumfar haya ya dawo masa.

Sai wani mai shago ya kutso kai ta taga.

"Ranka ya daɗe, ai sun gama! Yanzun nan na ga motarsu ta wuce ta gaban kasuwa, ta nufo nan."

"Ka ga Dogo a ciki?"

"Motarsu dai, da idona. Wa zai baro aiki da mota in ba an tashi ba?"

Mutane suka ɗauka, sun gama, sun gama. Likita ta juyo masa agogon hannunta. Injiniya ya san ganin mota ba ganin mutum ba ne, shi ya koya wa kowa hakan a ɗakin nan. Amma yana so ya zama gaskiya, wallahi yana so.

"Miƙo min zarto."

"Baba."

"Mamana, jarirai ne."

"Baba, kwaɗonsa ne. In dai motar ce, ai yanzu za ta iso. Ka jira ta."

Ba ta miƙo ba, shi ya je ya ɗauko da kansa. Hannunsa ya tsufa, ƙarfen kuma mai kyau ne, don shi ya zaɓo shi, sai da ya yi gumi kafin kwaɗon ya faɗo ƙasa. Ya yi bisimilla, ya ɗaga hannun makunnin.

Tiransifoma ta ɗauki gurnani. A waje aka saki tafi da kabbara, har da mai cewa Allah ya bar mana Injiniya. Tafin bai ƙare ba aka ji ƙas! Makunnin ya faɗo da kansa, gurnanin ya ɗauke.

Layi ba ya faɗuwa haka sai wuta ta sami hanyar shiga ƙasa. Ya dafa tebur, ya ce wa 'yarsa, ya kuma ce wa kansa, "Wayar ƙasa ce. Wadda suke ɗaurawa a layi don ko wuta ta dawo bisa kuskure ta bi ta can, ta bar mutum. Ita ce ta kayar da shi. Dogo ba ya wasa da ita."

Ta gyaɗa kai, idonta a kan taga. Motar ta shigo harabar a hankali saboda cunkoso. Direba ya sauko, ya rufe ƙofa, ba wanda ya biyo bayansa. Ya shigo yana share fuska da hula, yana murmushi.

"Sannunku da aiki. Oga Dogo ne ya aiko ni in ɗauko wayar ƙasa, a sito muka manta ta da safe. Na ce su jira ni, ya ce a'a, asibiti na jira, bari su hau su fara. Wai ai kwaɗonsa na nan, kuma Baba na zaune a wajen."