Tsamiyar Tsohon Burtali

"A'a, babu Gwiwa a tsarin yau," Saude ta ce, ta sake nuna musu takardar da ta rubuta da hannunta. "Jiya mun yi kasuwar Babura. Yau dam, daga nan duwatsun Roni, sai mu koma Kazaure mu yanka kek kafin la'asar."

A bakin dam suke tsaye, ruwan damina ya cika shi taf. Marisa ta daina ɗaukar hoto ta juyo, Dewi kuwa ta ɗaga wayarta sama kamar mai shirin kai ƙara.

Shekara goma sha ɗaya suka yi tare suna aikin jinya a wani asibiti a Jidda, Marisa 'yar Filifin, Dewi 'yar Indunisiya, sai ita Saude. Kafin su watse suka yi alkawari, duk wadda ta cika hamsin sauran biyun za su je har ƙasarta. An yi na Marisa, an yi na Dewi, yau ga shi ya zagayo kan Saude. Tun saukarsu Dewi take bin mutane da waya tana ɗaukar saƙon taya murna. Ta ɗauki maigidan Saude, ta ɗauki 'ya'yanta, kai har mai gadi bai tsira ba.

"Saura mutum ɗaya," Dewi ta ce da Turancinta mai gauraye da Larabci. "Mamarki. Ta yaya za mu tsallako teku mu koma ba mu ga wadda ta haife ki ba?"

"Ba ta jin daɗi ne, tsufa."

Ashiru, ƙaninta da ke tuƙa su, yana jin Turanci daidai gwargwado, kuma Allah ya yi shi ba ya iya riƙe baki. Ya ce da Turancin, yadda baƙin za su ji, "Wace Innar? Adda, ai ras take. Ni na gaya mata kin yi baƙi, tun asuba take dama musu fura."

Saude ta watsa masa harara, amma aikin gama ya gama. Baƙin sun riga sun nufi mota suna murna.

Ba rashin lafiya ba ne, ba kuma faɗa ba. Saude 'yar fari ce, Inna Shatu kuma Bafulatanar asali ce mai riƙon kunyar ɗan fari yadda ta gada. Tun da aka yaye Saude aka miƙa ta ga goggonta, can ta girma. Shekara hamsin Inna ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta taɓa kallonta ido cikin ido ba. In magana ta kama dole, sai ta ce "waccan". Saude ta san al'ada ce, ta kuma sha kāre ta a gaban 'ya'yanta. To amma ta je Indunisiya ta ga uwar Dewi ta rungume ƙatuwar 'yarta tana kuka, tana ba jama'a labarin ranar da ta haife ta. Ranar sai da Saude ta shiga banɗaki ta yi nata kukan. Gaskiyar magana abin yana mata ciwo, kuma ba ta son ƙawayenta su gani su ce uwarta ba ta ƙaunarta.

Suka isa Gwiwa da hantsi. Inna ta tarbe su tun daga ƙofar gida, 'yar tsohuwa siririya, tana ta "Lale, lale, maraba da mutanen nesa!" Ta riƙe hannun Marisa, ta shafa kumatun Dewi, ta shimfiɗa musu sabuwar tabarma. Saude ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Inna ta amsa da "Lafiya" guda ɗaya, idonta na kan kajin da ke tsakar gida.

"Ashiru, ka ce wa waccan ta zuba musu furar, ta sa musu nono da yawa."

Suka sha, suka yaba, Marisa har da ƙari. Sannan Dewi ta gyara zama ta saita waya.

"Ki ce mata ta ba mu labarin ranar da ta haife ki. Kuma me take so ta gaya miki yau?"

Saude ta dubi Ashiru ko zai cece ta, shi kuma ya tsiri gyaran agogo. Dole ta fassara da kanta, murya ƙasa-ƙasa, tana kallon tabarma.

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. "Wai! Ni ina na sani? Goggonta ce ta sani, Allah ya ji ƙanta."

"Me ta ce?" in ji Dewi.

"Ta ce ranar farin ciki ce," Saude ta ce. "Ta ce tana alfahari da ni, tana yi mini addu'ar tsawon rai."

Dewi ta dafa ƙirji ta ce masha Allah. Marisa kuwa ta gane ƙarya ce. Matar da ta shekara ashirin tana karantar fuskar marasa lafiya, ina za a yi mata wannan? Ta dai miƙo hannu ta matse yatsun Saude a hankali. Wannan tausayin shi ne abin da Saude take gudu tun farko, sai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da suka tashi tafiya, Inna ta ba baƙin man shanu a 'yar kwalba, ta rako su zaure. Nan ta kira Ashiru.

"Tunda duwatsu suka zo gani, kada ka bi kwalta. Ka bi da su ta tsohon burtali, ka tsaya musu a tsamiya."

Ashiru ya dube ta da mamaki. "To, Inna."

Burtalin tsohuwar hanyar shanu ce, ba a yi ta don mota ba. Suka yi ta tangal-tangal tsakanin gonakin gero, ganye na dukan gilashi. Sau biyu ƙasan motar na gurzar dutse. Saude, da ma a cike take, ta sauke a kan Ashiru.

"Kai yanzu don Allah wace irin hanya ce wannan? Kai komai aka ce maka sai ka ce to?"

Ya ci gaba da tuƙinsa. Can ya tsaya ya kashe mota.

Wata tsohuwar tsamiya ce, gefenta falalen dutse mai faɗin ɗaki guda. Shi ke nan. Duwatsun Roni na can nesa ana hango su dishi-dishi. Baƙin suka fito suna waige-waige, suna neman abin da za su ɗauka.

"Wannan ne abin ganin?" Saude ta ce. "Mun bar kwalta saboda bishiya?"

Ashiru ya cire hularsa ya mayar. "Adda, duk damina in gero ya fara fitar da kai, nan nake kawo Inna a babur. Kafin ni Baffa ne yake kawo ta a keke. Sai ta zauna a kan falalen nan ta yi addu'a, ta ba masu noma sadakar nono, mu juya."

"Addu'ar me?"

"Sau ɗaya na tambaya. Ta ce a nan naƙuda ta kama ta, ana cikin tashi da shanu, ruwa na zuba. Daga ita sai Goggo." Ya nuna falalen da hannu. "Sati biyu da suka wuce muka zo. Da za mu tashi na ji ta ce, yau waccan ta cika hamsin. Ranar da ke takardunki ai hedimasta ne ya yanka miki."

Saude ta tsaya tana kallon dutsen. Ta taka a hankali ta zauna a kai. Rana ta gasa shi, ɗuminsa ya ratso zaninta. Ba ta san hawaye na zuba ba sai da Marisa ta durƙusa a gabanta.

"Me ya ce miki?"

"Ɗazu ƙarya na yi muku," Saude ta ce. "Ba abin da ta faɗa ke nan ba. Ku zauna in gaya muku."

Ta gaya musu duka, da kunyar, da goggon, da babur ɗin Ashiru. Dewi ta sauke wayar ta jefa a jaka. Suka zauna su uku a kan falalen har inuwa ta matso ta rufe su.

Ashiru ya leƙo daga jikin mota. "Adda, mu koma Gwiwa ne?"

Saude ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙe.

"A'a, mu wuce Roni. Kuma kada ka kuskura ka gaya mata na sani."

"Ai ita ta turo ki."

"Na sani," in ji Saude. "Duk da haka, kada ka ba ta kunya."