Amaryar Sukari a Kan Kabad

Ni da bakina na gaya wa Wa'il kada ya kawo mini komai. Na faɗa har sau uku, saboda haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Wata bakwai muna haɗuwa duk Alhamis da la'asar a bakin kogin Nilu, nan garinmu Mansura. Ni in tashi daga kantin magani, shi ya taso daga gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mu sayi gasasshiyar masara mu zauna mu yi ta gulmar mutane. Yana ce mini Dakta, ina ce masa Injiniya, alhali dukanmu mun san takardunmu ba su kai can ba. Tun ranar farko ya ce shi bai shirya aure ba. Ni kuma don kada a ga gazawata na ɗaga kai na ce, "Wa ya ce maka ni na shirya?" Shekarata talatin da ɗaya. Ƙarya na yi, kuma ƙaryar ta zauna daram.

Da Maulidi ya matso, rumfunan alewa suka cika titi, 'yan tsanan nan da muke kira amaryar Maulidi suna jere da fararen riguna. A garinmu ko yaron goye ya san saurayin da aka yi wa baiko ne ke kai amarya gidan budurwarsa, tare da kwalin alewar riɗi da ta gyaɗa. Ƙannena biyu duk an kawo musu tasu. Ni ce mai share wurin da za a ajiye.

"Injiniya, ka ji ni da kyau," na ce masa. "Babu kyauta. Ko tsinke."

"Ranki ya daɗe, da ma wa ya ce zan kawo? Masarar ma ke za ki biya yau."

Muka yi dariya. Na koma gida ina jin haushinsa don ya yarda da sauri.

Ranar Alhamis ɗin jajibirin Maulidi sai ga shi a ƙofar kanti da kwali a hammata. Ya buɗe a kan teburina. Amarya ce ta sukari zalla, irin ta da, ba ta roba ba, kumatunta ja, da mafici na takarda mai ƙyalli a bayanta.

"Wani mai gidan alewa na gyara wa na'ura, ya ba ni tukuici," in ji shi. "Mamata na da ciwon suga, ba ni da ƙanwa. Na tuna yadda kike ƙura musu ido a titi kamar za ki cinye su."

"Wa'il, ka san abin da wannan ke nufi?"

"Haba Dakta, ai shi ya sa na kawo miki nan. Mu da muka fahimci juna? Ki bar ta a kanti. Don Allah kada ki kai ta gida, kin san tsofaffi."

Na ce to. Har cikin raina na so in bar ta. Na ɗora ta bayan kwalaben maganin tari, na rufe kanti, na kai bakin titi. Sai na dawo na buɗe na ɗauke ta. Ban ruɗe ba, ban manta ba. So nake sau ɗaya a rayuwata in hau matakalar gidanmu da amarya a hannu.

Ummu Tamir, maƙwabciyarmu ta hawa na biyu, ita ta fara gani. Matar nan ko allura ka shigo da ita sai ta san launin zarenta. Kafin in kai hawa na huɗu ta rangaɗa guɗa, ƙofofi suka buɗe. Mama ta fito hannunta duk garin fulawa. Ta kalli kwalin, ta kalle ni, sai ta zauna a kan matakala ta rufe fuska da gefen mayafinta tana kuka.

"'Yar nan, shi ne kika ɓoye mini? Ɗan wane ne? Me yake yi?"

A nan ya kamata in yi magana. Kalma biyar ta isa. Amma kukan ya koma dariya, kuma rabon da in ga Mama tana dariya da haƙoranta duka tun kafin Baba ya rasu.

"Sunansa Wa'il," na ce. "Injiniya ne."

Ta ɗora amaryar a kan kabad ɗin falo, daidai inda na ƙannena suka taɓa zama. Ta kira Anti Su'ad a Damietta. Ta raba wa maƙwabta lemon sharbat na murna.

Washegari da safe na kira shi daga kanti, na gaya masa komai.

"Abir," ya ce. Bai ce Dakta ba. "Na roƙe ki fa."

"Na sani."

"To yanzu me kike so in yi?"

Na san abin da nake so. Ya zo da mamarsa, su sha shayi, a karanta Fatiha. Wata bakwai ina nuna masa ni ba mai buƙata ba ce, ban san ta inda ake fara roƙo ba.

"Ba komai," na ce. "Zan gyara."

"Ba na so in cuce ki, wallahi. Kin fi ƙarfin haka a wurina. Amma ban taɓa yi miki ƙarya ba."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da ya yaudare ni, da na samu abin zagi, na yi kwana biyu ina tsine masa na huce. Mutumin nan gaskiya ya faɗa tun farko.

Alhamis ta zo, ya turo saƙo cewa aiki ya riƙe shi. Wadda ta biyo baya bai turo komai ba. Na je duk da haka, na sayi masara ɗaya, na kasa cinyewa. Ba zan iya komawa gida da wuri ba, don Mama ta san Alhamis ranar Wa'il ce, har turarenta take fesa mini kafin in fita.

Sati uku ke nan. Tururuwa sun gano amaryar. Mama ta samo faranti ta zuba ruwa, ta kifa kofi a tsakiya, ta ɗora amaryar a kai don kada su hau. Kullum da safe sai ta canza ruwan, ta goge mata ƙura da auduga. Gefen rigar ya fara narkewa saboda laima, kumatu ɗaya ya zubo ja har wuya. Kullum ina cewa yau zan gaya mata, kullum sai in tarar da ita a kan kujera tana gyara maficin.

Yau da zan fita ta kira ni.

"Abir, kin ga kafin a ankara azumi ya zo. Ki gaya wa yaron nan kada ya wahalar da kansa da wata babbar kyauta ta Sallah. Mu ba masu ido a kan abin hannun mutum ba ne. Shi dai ya zo mu gan shi, ya ci abincina."

Na tsaya da jaka a kafaɗa. Tana murmushi, audugar tana hannunta.

"To, Mama," na ce. "Zan gaya masa."