Hannun da Na Miƙa wa Direba Shayi

Sunana Shekari. A aji uku na bar makaranta. Shekara goma sha ɗaya na yi ina zuba kwal a murhun jirgin ƙasa, kafin a kawo na dizal. Yanzu ina zaune a unguwar Television, ba na shiga harkar kowa.

Ran Laraba da hantsi Phoebe ta zo gidana. Ita ce sakatariyar ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikatan reluwe, mahaifinta mun yi aiki tare. Ko zama ba ta yi ba.

"Baba, jibi za su yanka kan jirgin."

Kan jirgi ɗaya ne mai kwal ya rage a bayan tsohon shagon gyaran jirage, a jikin katanga. Ɓarayi sun daɗe da ɓalle lambarsa. Ofis ya ce idan shi ne wanda ke cikin wani tsohon hoto da suka samo, za a gyara shi a ajiye a gaban tasha don tarihi. Idan ba shi ba ne, 'yan gwangwan su yanka.

"To, shi ne?" na ce.

"Injiniya ya ce ba shi ba ne. Amma kana cikin hoton, Baba. Zo ka gani da idonka."

Na ɗauki sandata muka shiga Keke.

A filin muka tarar da injiniyan, Nelson, mutumin Filato, da farar hular kwano. Can gefe 'yan gwangwan sun riga sun jera tukwanen gas. Kan jirgin kuwa tsatsa ta ci shi, ciyawa ta fito ta tagar direba. Ban so ganinsa haka ba.

Nelson ya buɗe hoton, babba, sabon wanki.

"Baba, duba nan. Mutane sun tare lambar, ba ta fito ba. Amma ga faci a jikin tankin ruwa, ta wannan gefe. Yanzu dubi namu." Ya buga ƙarfen da biro. "Sumul. Ba faci. Ni ma na so a ce shi ne."

"Ka duba ɗaya gefen?"

"Ta ina? Katanga ce da ƙaya. Kuma hoto ba ya ƙarya."

Na sa tabarau. Na ga Malam Zakariyya'u, direbana, a tsaye a bakin ƙofa da gemunsa. Allah ya ji ƙansa. Na ga wani siririn saurayi, baƙi ƙirin da kwal, yana miƙa masa kofin shayi. Ni ne. Na daɗe ina kallo.

"Wannan hoton ƙarya yake yi," na ce.

Nelson ya yi dariya. "Ba kai ba ne?"

"Ni ne. Da wane hannu nake miƙa kofin?"

Phoebe ta leƙa. "Hagu."

"Ni, in miƙa wa Malam Zakariyya'u shayi da hagu?"

"Haba Baba," in ji Nelson, "shekara kusan sittin fa. Wataƙila a ranar, hannun dama yana riƙe da shebur."

"Ga shebur can a jingine. Kai ɗan boko, ba ka gani?"

Na gaya musu. Sau ɗaya na taɓa yin haka, satina na farko, hannuna na dama duk maiƙo. Malam ya karɓi kofin, ya buɗe murhu, ya watsa shayin a wuta. Bai ƙara yi mini magana ba har Kafanchan. A can ya ce, "Yaro, ni Musulmi kai Kirista, amma uwarka da tawa abu ɗaya suka koya mana." Daga ranar, ko hannun ya ƙone, da shi nake miƙawa. Balle a gaban mai hoto.

"To me kake nufi?" in ji Nelson.

"Wanda ya wanke muku hoton ya juya shi bai-bai, kamar madubi. Facin yana jikin katanga."

Ya tsaya yana kallon hoton. Ya cire hular, ya sosa kai.

"In mun sare ƙayar nan ba mu ga komai ba fa?"

"Ni zan riƙe musu tiyon gas ɗin ran Juma'a. Ƙusa goma sha tara ce a facin. Tarago ne ya goge mu a Kafanchan, a gabana aka buga su."

Shugaban 'yan gwangwan ya matso yana murmushi. "Baba, abincinmu kake so ka hana mu?"

"Je ka ci wani. Wannan ya fi ƙarfin haƙoranka."

Shi ne ma ya ara mana adda. Phoebe ta ɗaure ɗankwali a ƙugu ta fara sara, Nelson ya karɓa. Sun kai awa guda. Ni ina zaune a kan tsohon katakon layi. Ina tsoron kada ya zamana tsufa ne ya yi mini wasa.

Nelson ya kutsa tsakanin katanga da tanki, a kaikaice. Sai na ji yana kankare tsatsa da adda.

"Baba!"

"Ina ji."

"Goma sha bakwai... sha takwas..."

"Duba ƙasa, ta kusurwa. Ta ƙarshen a karkace take."

"Sha tara!"

Phoebe ta rangaɗa guɗa, har masu gadi suka fito. Nelson ya fito rigarsa a yage, yana dariya kamar ba injiniya ba. Nan take ya kira ofis. Kafin azahar 'yan gwangwan sun loda tukwanensu a mota.

Ya kawo takarda in sa hannu a matsayin shaida. Ya miƙo mini biro da hagu. Na dube shi kawai. Ya dubi hannunsa, ya yi sauri ya sauya.

Yanzu duk Asabar ina zuwa. Suna kankara, suna fenti, ni ina nuna musu inda tagulla take don kada su shafe ta. Hoton ma an sake wanke shi daidai. Na ce a rubuta sunan Malam Zakariyya'u a ƙasa, nawa ya biyo baya.