Ranar da Aka Juya Gadon Allura

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

To, ta zo, muna ji.

Ana tsaka da ruwan sama Mai Wanki ta goyo maƙwabciyarta ta fito da ita zuwa nata ɗakin. Kwanon ɗakin tsohuwar ya daɗe yana yoyo, ranar nan kuwa ɗigon ya dawo kan katifa. Jikin duk ya ƙare, ba ta fi ƙunshin wanki nauyi ba, amma bakin yana nan daram. Tana baya tana faɗin a bi da ita a hankali, ita ba buhun gawayi ba ce.

Tsohuwar tela ce, 'yan gidan haya na kiranta Allura saboda kaifin baki. Musulma ce. Mai Wanki kuwa Kirista ce, mijinta ya rasu, da wanki da guga take riƙe kanta. Shekara ashirin da biyu bango ɗaya ne tsakaninsu, kuma in kun tambaye ni, rabin shekarun nan a kan igiyar shanya suka ƙare. Allura takan shimfiɗa darduma a ƙofar ɗaki, ta fuskanci turken igiya na kusa da famfo. Nan ne kuwa rana ta fi bugawa, nan Mai Wanki ke shanya. Allura ta idar da salla ta ce ita dai ba ta san laifin da ta yi ba, da kullum ta ɗago kai sai ta ga wandon mutane. Mai Wanki ta ce to wa ya aike ta ɗago kai? Haka dai, yau faɗa, gobe ara min gishiri.

Da ciwo ya ci ƙarfin Allura, asibiti suka sallamo ta, suka ce a je gida a ci gaba da jinya. Kowa ya gane nufinsu. Ɗanta guda ne, direban babbar mota, an yi masa waya ya ce yana hanya. Mai Wanki ce ke juya ta, ta wanke ta, ta ba ta ruwa da cokali.

Da aka kwantar da ita a ɗakin Mai Wanki, idonta ya sauka kan gicciyen da ke rataye a bango. Mai Wanki ta ce ko ta sauke? Allura ta ce ta bar shi, ai ya riga ta zuwa ɗakin.

Washegari da hantsi, 'yan gida duk sun fita nema, sai ga Uwar Zumunta, shugabar matan cocin su Mai Wanki, ta zo dubiya. Ta leƙa fuskar mara lafiya, ta ja Mai Wanki bakin ƙofa. Ta ce mata a hankali matar nan ba za ta kai yamma ba, kuma ba banza Allah ya kawo ta ɗakin nan ba. In ta bar ta ta tafi ba ta kira ta ga Yesu ba, me za ta ce ranar da aka tambaye ta?

Ai abin da Mai Wanki ta daɗe tana roƙon Allah ke nan. Ta taɓa yi wa Allura maganar sau ɗaya, tun suna da sauran ƙarfi. Allura ta saurare ta har ƙarshe, ta ce ta ji, ta gode, ita tana nan kan nata. A makon nan kuma ta ɗinka mata rigar zuwa coci.

Suna tsaye sai muryar Allura ta taso, siririya.

"Ƙanwata, na rasa alƙibla a ɗakin nan naki. Juya ni."

Mai Wanki ta dubi Uwar Zumunta, ta dubi gado. Babu Musulmi ko ɗaya a gidan da za a tambaya. Sai ta ɗaga labule, idonta ya faɗa kan turken igiya. Tsohuwar kuwa an kwantar da ita ta ba shi baya. Gadon na ƙarfe ne, ba na ɗaukar mutum ɗaya ba.

"Mama, kama min."

"Kin san abin da kike yi kuwa?"

"Na san inda take kallo. Shekara ashirin da biyu ina shanya mata a gaba."

Uwar Zumunta ta daɗe tsaye riƙe da jakarta. Can ta ajiye ta kan teburin guga, ta kama wajen ƙafafu. Gado ya yi ta ƙara a kan siminti, har Allura ta dawo kwance kan gefen dama, fuskarta na kallon ƙofa. Ruwa ya ɗauke tun safe, kuma Mai Wanki ta riga ta yi shanya a inda ta saba. Allura ta ƙura wa igiyar ido.

"Har yau, ƙanwata?"

"Yanzu zan kwashe, Yaya."

Ta fita da gudu babu takalmi. Wanduna ne na wani malamin makaranta, har guda shida, da riguna, duk a jiƙe. Garin sauri wani ya faɗi cikin taɓo, ta tsaya ɗauka. Ko da ta dawo rungume da kayan, ruwansu na bin zanenta, Uwar Zumunta na zaune bakin gado riƙe da hannun tsohuwar. Idon Allura na kan ƙofa, amma ba ya ganin komai.

"Tana ta maimaita kalmarsu har ta yi shiru," in ji Uwar Zumunta. "Ban ce mata komai ba."

Mai Wanki ta durƙusa da wankin a ƙirjinta. Ita ta shafa mata ido ya rufu.

Ɗan ya iso da la'asar, shi da mutanensu suka yi mata sutura suka kai ta. Ya ɗauki keken ɗinkin, ya bar wa Mai Wanki almakashi. Uwar Zumunta ba ta sake tayar da maganar ba, in sun haɗu a coci gaisuwa ce kawai. Mai Wanki takan tsaya da dutsen guga a hannu tana tambayar kanta ko ta yi daidai, har riga ta soma ƙauri. Mai gida ya gyara kwanon ɗakin Allura ya sa wasu sababbin ma'aurata.

Mai Wanki tana nan tana wankinta. A gefen inuwa take shanya yanzu, kaya su yini ba su bushe ba. Wajen turken kusa da famfo kuwa, inda rana ta fi bugawa, igiyar tana nan babu komai a kanta.