Saura Hannu Ɗaya

"Saura hannu ɗaya," in ji Tela, bai ko ɗago kai daga keken ɗinkin ba.

Nas ta tsaya a bakin shagon ta riƙe ƙugu. Ita ce babbar 'yar Mama Mai Makulli, ta ɗauki hutu daga asibitin da take aiki ta dawo gida jinyar uwarta. Farar rigar da ake magana a kai tana rataye a ƙusa bayan Tela, cikin leda. Hannun dama ya sauko yadda ya kamata. Gefen hagu kuwa rami ne kawai, da ɗan zare yana lilo.

"Yaya Tela, makon jiya ma haka ka ce. Hannun riga ne ko rumfar kasuwa kake ɗinkawa?"

"Farin zare ne ya yanke mini."

Ta dubi teburinsa, inda farin zare har guda shida ke jere. Shi ma ya duba. Ya jawo ƙyalle ya rufe su a hankali, kamar mai kare abinci daga ƙuda.

"To, Mama ta ce ka zo da kanka. Ta ce in ka ce gobe, in gaya maka ta san goben tela tun ba a haife ka ba."

Shekara ashirin da bakwai yana ɗinki a layin nan, kuma babu irin ƙaryar da bai yi wa masu kaya ba. An ɗauke wuta, allura ta karye, ƙanwar kakarsa ta rasu, har sau uku baiwar Allah. Amma duk wancan lalaci ne tsagwaronsa, ba da wata manufa ba. Wannan ne karo na farko da ya yi jinkiri da gangan, ya kuma tarar ya fi aikin kansa gajiyarwa.

Wata uku ke nan da Mama ta shigo shagon da ƙafarta, tana dogara sanda, da farin yadi a hammata. Ta ce ya auna ta. Yana zagaya ta da awo tana ba shi umarni.

"Bayan ka bar shi a buɗe tun daga wuya har ƙasa. Igiya uku za ka sa. Ban da maɓalli, ban da zif."

"Mama, wace irin riga ce wannan?"

"Ta tafiya. Shekara arba'in ina shirya gawa a cocin nan, na san wahalar rigunan mutane. Gawa ba ta ɗaga maka hannu. Ba zan bar wa matan zumunta kokawa da ni ba."

"Haba Mama, wace magana ce haka da rana tsaka?"

"Maganar ɗinki. Auna."

Da za ta fita ta juyo tana dariya. "Ka kwantar da hankalinka, ba inda za ni sai ka gama. Ba zan tsaya gaban Ubangijina da rigar aro ba."

Ita wasa ta yi. Shi ne ya riƙe maganar. Ya yanka yadin, ya haɗa jiki, ya sa hannun dama. Ana nan ta kwanta, likita ya ce da wuya ta wuce mako biyu. Ran nan Tela ya ninke hannun hagu ya tura shi can ƙarshen aljihun tebur, ƙarƙashin tsofaffin almakasai. Ya san shirme ne. Ƙato mai shekara hamsin da biyu, da tumbi, da tabarau ɗaure da zare, wai shi ne ya riƙe mutuwa ta hannun riga. Amma mako biyun likita ya zama wata biyu da ɗoriya, kuma ba wanda ya zo masa da bayanin da ya fi nasa.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da nata. Kowace Lahadi da ƙarfe shida, a hanyarta ta zuwa buɗe coci, sai ta ƙwanƙwasa ƙarfen tagarsa da makullin babbar ƙofa.

"Tela, Lahadi ce."

"Ina nan tafe, Mama."

Bai taɓa tafiya ba. Tun ranar da aka fito da akwatin matarsa daga cocin, shekara tara, ƙafarsa ba ta sake taka ciki ba. Mama ba ta taɓa yi masa wa'azi ba, ba ta kuma tambaye shi dalili ba. Ta ƙwanƙwasa, ya amsa, ta wuce. Shi kuma ya juya ya yi barcin da ya fi kowane daɗi a mako. Tun da ta kwanta, Nas ke kai makullin ta dawo da shi, ita kuwa ba ruwanta da tagar kowa. Yanzu ƙarfe shida na Lahadi idonsa biyu, yana ƙirga ramukan rufin kwano.

Ya rufe shagon ya bi Nas.

Matan zumunta suna zaune a tsakar gida kan bencin da aka aro, suna rera waƙa ƙasa-ƙasa, muryoyin duk sun dushe. Rabinsu Mama ce ta fara ɗaukarsu ranar da aka haife su, sauran ita ta hana aurensu mutuwa, wasu har sau biyu. Suka bi shi da ido. Duk sun san zancen hannun.

Ɗakin yana warin man zafi da magani. Hotunan jikoki sun cika bango har sun hau kan tsohuwar kalanda. Littafi Mai Tsarki yana gefen matashi, da bangon ƙyallen da shi ya ɗinka masa. Makullin yana rataye a ƙusa da igiyarsa da ta yi baƙi. Matar da a da in ta tsaya a ƙofar coci sai an raɓa ta gefe, yanzu ba ta fi tarin wanki a kan gadon ba.

"Tela."

"Na'am, Mama. Ya jiki?"

"Jiki ya gama nasa. Ina rigata?"

"Saura hannu ɗaya."

"Na ji. Layin nan kaf ya ji." Ta nuna masa kujera da haɓa. "Bakwai na haifa, na riƙe na wasu ban san iyaka ba. Ka ɗauka ban san fuskar yaron da ya ɓoye abu ba?"

Ya zauna ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ko da yake ba abin da ya same shi.

"Kada ka ɗauki kanka da girma," ta ce. "Ba kai ke riƙe da ni ba. Ubangiji ba ya jiran tela, da har yanzu ba a gama duniya ba." Ta tsaya ta nemo numfashi. "Amma na gaji, ɗana. Ruwa ma sai an ɗiga mini da cokali. Yarinyar nan ta bar aikinta da 'ya'yanta tana juya ni dare da rana. In ya kira ni gobe, me za su sa mini? Wannan za ta ruga kasuwa ta sayo mai zif da duwatsu."

"Ai mai kyau zan saya," in ji Nas daga bakin ƙofa.

"Ka ji ko? Ina so in ga rigata da idona tun ina gani. Abin da ya rage mini ke nan in roƙi wani."

Tela ya mai da tabarau. Ya dubi ƙasa, ya dubi ƙusar.

"In na gama, wa zai riƙa ƙwanƙwasa mini taga?"

"Shekara tara ina ƙwanƙwasawa. Me ya tsinana?"

"Barcin bayan nan yana da daɗi, Mama."

Ta fara dariya, tari ya ƙwace. Nas ta zo ta tallafe ta, tana harararsa ta saman kan uwar.

Ya koma shago ya jawo aljihun tebur. Hannun yana nan, ya ɗauki shatin almakashi. Ya goge shi, ya daidaita, ya taka keke. Minti ashirin. Ya duba agogo sau biyu don kunya. Ya lura awon wata uku da suka wuce ya yi mata yawa yanzu, kusan ninki biyu, har ya ɗauki almakashi, sai ya tuna igiyoyin baya. Za su ɗaure ko nawa ne ya rage. Ta riga shi tunanin wannan ma.

Kafin rana ta faɗi ya kai. Nas ta ɗaga rigar a gaban gado. Mama ta sa aka juya mata ciki, ta bi ɗinkin da ɗan yatsa, ta ja igiyoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Na hagu ya fi na dama tsawo."

"Kaɗan ne. Kawo in rage."

"A'a, ba za ta sake shiga shagonka ba. Bar shi. Wanda za ni wurinsa ya saba karɓar aikin da bai cika ba." Ta ɗora tafin hannu a kan yadin ta bar shi nan. "Ciro makullin can."

Ya ciro.

"Ka kai wa Fasto ran Lahadi. Ƙarfe shida ake buɗewa. Ƙofar ta sauka, sai ka ɗan ɗaga ta da gwiwa kafin ka murɗa."

"Mama, ai ni zan iya kaiwa," in ji Nas.

"Ke kina da aiki."

Ran Litinin ke nan. Ta ƙara kwana huɗu, abin da ya sanyaya wa Tela zuciya, ya kuma ɗan ɓata masa rai, don ya tabbata dai hannun riga bai riƙe komai ba. Ran Juma'a da hantsi, Nas ta fita ɗauraye kofi, ta dawo ta tarar an gama. Tela yana cikin shago ya ji waƙar tsakar gidan ta tsaya a tsakiyar baiti. Ya ɗauke ƙafa daga keke. Aka sa jana'iza ran Talata, sai 'ya'yan nesa sun iso.

Ran Asabar, wurin zaman gaisuwa, ya matsa kusa da Fasto ya miƙa masa makullin a fakaice. Fasto ya mai da hannayensa baya.

"Ta gargaɗe ni tun ran Talatar da ta wuce. Ta ce kada in karɓa sai ran Lahadi, kuma a ciki."

"To ai ba ta nan yanzu."

"Kai ka iya saɓa mata. Ni ban taɓa gwadawa ba."

Lahadi ƙarfe shida saura ya fito, yana gaya wa kansa saƙo kawai zai kai. Layin shiru, sai wata akuya a gindin famfo. Makullin ya ƙi juyawa. Ya gwada sau uku, yana zufa da sassafe, kafin ya tuna. Ya sa gwiwa ya ɗaga, ƙofar ta buɗe.

Ba kowa. Ya tsaya jim, sannan ya bi tagogin yana turawa ɗaya bayan ɗaya, tun da an riga an shigo. A benci na uku, gefen mata, katakon ya yi sulɓi a wuri ɗaya. Matashin zaman Mama yana nan, wanda marigayiya matarsa ta sa shi ya haɗa da guntayen ƙyalle tun suna sabon aure. Gefe ɗaya ya farke, auduga ta leƙo.

Ya shafa wuyan rigarsa. Allurar tana nan inda take kwana, da ragowar farin zare a hancinta. Ya zauna kusa da wurin, ba a kai ba, ya ɗora matashin a cinya, ya juya shi wajen hasken taga, ya tura audugar ciki da babban yatsa.