Baƙuwar da Ba Ta Zagayowa

Ranar Laraba na dawo daga kara, kasuwar shanu, bayan la'asar, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Shekara arba'in ina dillancin shanu a Potiskum, ga shi yanzu ido ya fara juya min baya. Ina zubewa kan tabarma sai ga Sharifa, autata, da takardar nan tata. Wata jami'a a kudu ta ɗauke ta karatun taurari, saura sa hannuna, kuma jibi za a rufe. Sau biyu ina hana ta. Tun rasuwar uwarta ita ke ɗiga min magani a ido, kuma tsoron zama ni kaɗai nake yi.

"Baba, ba gardama na zo yi ba, na gaji," in ji ta. Ta miƙo min waya, na ga wani ɗigo fari-fari. "Tauraruwa mai wutsiya ce. Ba 'yar gidan ranarmu ba ce, daga wajen wata tauraruwa ta fito. Wucewa take yi."

"To, Allah ya kiyaye hanya. Ina ruwanki?"

"In aka sauke bajimi a kara, yaya kake gane inda ya fito?"

Yarinyar nan ta san inda ke min ƙaiƙayi. Na ce, "Ƙaho, shaidar kunne, kofato. Wanda ya taka rairayin Nijar daban yake da na bakin tafkin Chadi."

"Ka taɓa zuwa can?"

"Ko sau ɗaya."

"Haka masana ke yi mata. Ba mai iya zuwa garinsu, amma ƙanƙarar jikinta da tururin da take fitarwa suna faɗin da me aka gina can. In ba a duba yanzu ba, shi ke nan."

"Ba ta zagayowa wata Laraba?"

"Har abada."

Na san wannan ciwon. An taɓa sauke wani bajimi mai irin ƙahon da ban taɓa gani ba, na ce bari in ci abinci tukuna. Kafin in dawo an loda shi sai Legas. Har yau abin na ci na.

Na ce ta kawo biro. Sai da ta nuna min layin da yatsa, don ba na ganinsa.

"Ke fa," na ce, "kina zagayowa?"

Ta ɗauko kwalbar maganin, ta damƙa min a hannu.

"Gwada da kanka, Baba, in gani."